Kwana Huɗun da Takardarka Ta Yi a Biro

Zuwa ga aminina Arzika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara, a ƙasar da kake. Ni ne Gado. Na yi ritaya bara, na dawo Dogon Dutsi da zama. Lambar wayarka da nake da ita ta daina shiga tun da daɗewa, shi ya sa na sa wannan a shafina na intanet. Balki ƙanwarka ta ce kana leƙawa. Na san wasu ma za su karanta, kuma ban damu ba, domin abin da zan faɗa maka na daɗe ina ɓoye shi, ya isa haka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da jin muryarka. Kafin nan kuwa, tun muna aji ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, ba mu taɓa yin wata guda ba mu yi magana ba. Kai daga Matankari, ni daga Dumega, gida ɗaya aka sauke mu a Dogon Dutsi. Duk hutu sai na fara bin ka Matankari kafin in wuce gida, don tuwon hatsin Inna Hassi, mahaifiyarka. Ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba, sai dai ta ce, "Ɗan Dumega ya taho, a ƙaro miya."

Tare muka shiga sojan sama. Kai ka zama matuƙin jirgin ɗaukar kaya da mutane. Ni likita ya duba idona ya ce ban da tuƙi, aka tura ni eta-majo, wato hedikwatar da manyan hafsoshi ke tsara aikin rundunar gaba ɗaya. Ka riƙa yi mini ba'a kana ce wa mu masu zaman ofis sojojin fanka. Ban taɓa jin haushi ba. Amma na lura ba ka taɓa tsayawa ka san yadda gidan yake tafiya ba. Ka kan shigo, ka gai da ni, ka sha shayi, ka fita. Yau ina so in zagaya da kai cikinsa, don ka ga inda takardarka ta bi, ka kuma ga daidai inda na tsaya.

A saman bene akwai shugaban eta-majo. Shi ne ke amsa tambaya a kan kowane jirgi da kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, kuma shi ma yana da na gaba da shi. Kusa da ƙofarsa akwai ta mataimakinsa, wanda a gaskiya shi ne ke riƙe da gidan kullum. Yawancin takardu a teburinsa suke ƙarewa. Daga nan sai birori, wato ofisoshi, kowane da shugabansa. Namu shi ne na ma'aikata: wanda aka ɗauka, wanda aka ƙara wa girma, wanda aka canja wa wuri, wanda ya nemi izinin tafiya gida. Akwai na tattara bayanan sirri, mutanen da ko gaisuwarsu gajera ce. Akwai na ayyuka, su ne ke cewa wane jirgi zai tashi, yaushe, zuwa ina, wa zai tuƙa. Akwai na kayan aiki, masu lura da mai da kayan gyara da abinci da motoci. Sai masu horarwa, masu sadarwa, da likitoci. A ƙasa, bakin ƙofa, akwai ɗakin da kowace takarda ke fara sauka, a buga mata hatimi, a rubuta ranar da ta zo.

Abin da ban gane ba sai da na daɗe a ciki shi ne, babu biro ɗaya a cikinsu da ke ba da umarni shi kaɗai. Mu shawara muke rubutawa. Mai sa hannu ɗaya ne, kuma ba ya sa hannu sai duk wanda abin ya shafa ya faɗi nasa. An yi haka da dalili. In na saki matuƙi ya tafi gida ba tare da biron ayyuka ya sani ba, gobe a kira jirgi ya ɗauko wanda ya ji rauni a daji, a samu jirgi a tsaye babu mai tuƙa shi.

To, ka tuna makon. Kana sansanin arewa, Inna Hassi na kwance a Matankari. Ranar Laraba ka kira ni da la'asar, ka ce kumandan sansaninku ya amince, ya turo takardar farmisiyonka, ta neman izinin tafiya gida. Ka ce, "Gado, jikin Inna ya yi tsanani, ka duba mini." Na ce maka kar ka damu.

Takardar ta iso Alhamis da safe. An buga mata hatimi a ƙasa, ta hau teburina kafin ƙarfe goma. A lokacin ina kaftin, ni ke duba takardun hafsoshi. Na karanta, na rubuta cewa biron ma'aikata bai ga abin da zai hana ba, shugabanmu ya sa alamarsa. Sai na saka ta cikin babban fayil tare da wasu takardu kusan ashirin, na aika biron ayyuka.

Shugaban biron ayyuka ba ya nan ranar, yana taro da takwarorinsa na sojan ƙasa. Juma'a ma ya koma taron, kuma ka san Juma'a da azahar ake tashi. Asabar da Lahadi masu gadi da masu jiran kiran gaggawa kaɗai ke gidan. Litinin da safe ya buɗe fayil ɗin, ya ga sunanka, nan take ya samo wanda zai riƙe maka aiki. Kafin sha ɗaya mataimakin shugaba ya sa hannu. Inna ta rasu Lahadi bayan azahar, an yi mata sutura kafin magariba.

Da na zo ta'aziyya na iske ka zaune a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidanku. Bayan mutane sun ragu na matso na ce maka takarda ba a hannuna ta tsaya ba, a biron ayyuka ta kwana. Ka dube ni ka ce, "Na ji." Bayan shekara ɗaya ka ajiye aiki, ka tafi tuƙa jiragen kaya a wata ƙasa.

Abin da na faɗa maka ranar gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

Daga teburina zuwa biron ayyuka taku talatin ne, ko ƙasa da haka. Shugabansu ba ya nan, amma mataimakinsa na nan, na ma gai da shi a masallaci ranar Alhamis ɗin. Da na zaro takardarka daga fayil na kai masa da hannuna, na ce wannan ta gaggawa ce, da ya kira maigidansa a waya. Daga nan in hau bene in ƙwanƙwasa ƙofar mataimakin shugaba. Babu dokar da ta hana. Na sha ganin ana yi. Da ka kwana Matankari ranar Juma'a.

Ban yi ba, kuma ga dalili. Sati ɗaya kafin nan an tara mu, an ja mana kunne a kan masu fifita 'yan garinsu. Sunana kuma yana cikin waɗanda ake dubawa don ƙarin girma a shekarar. Kowa a gidan ya san ni da kai, ya san daga yanki ɗaya, ƙasar Arewa, muka fito. Na riƙe takardarka a hannuna, na yi tunanin abin da za a ce in an gan ni ina yawo da ita daga ƙofa zuwa ƙofa. Sai na ce wa kaina jinyar tsofaffi takan ja, Litinin ba ta da nisa. Na saka ta cikin fayil na rufe.

An ba ni girman a ƙarshen shekarar. Ranar da aka maƙala mini shi, matata ta yi girki ta tara mutane. Na ci, na yi dariya da su, ban faɗa wa kowa abin da ke raina ba. Ita ma sai makon jiya ta ji.

Shekaru bayan tafiyarka aka ba ni shugabancin biron ma'aikata. A taron safiyar Litinin, inda kowane shugaban biro ke faɗin abin da ke gabansa, na roƙi abu ɗaya: duk takardar da ta shafi rashin lafiyar uwa ko uba ko ɗa, kada ta shiga babban fayil. A ɗauke ta da hannu, a zaga da ita, ta fito a ranar. In shugaban biro ba ya nan, mataimakinsa ya duba. Wani kanal ya ce mutane za su riƙa ƙarya da ciwon iyayensu. Mataimakin shugaba na lokacin, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya ce in mutum ɗaya ya yi ƙarya a hukunta shi shi kaɗai. Aka amince.

Wanda na fara zagayawa da takardarsa wani saje ne, makanikin injin jirgi, Bafillace daga wata ruga kusa da Sukukutane. Ban san shi ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙofa huɗu na shiga, cikin awa ɗaya an gama. Ya iske mahaifinsa da rai, ya yi kwana biyu yana ba shi ruwa da hannunsa. Da ya dawo ya zo ofishina da ƙwaryar man shanu. Na karɓa na yi godiya. Bayan ya fita na daɗe zaune ina kallon agogo, ina lissafin awa ɗayan nan.

Ban kawo maka wannan labarin don ya wanke ni ba. Sajen ya ga mahaifinsa, kai ba ka ga Inna ba, kuma ɗayan ba ya biyan ɗayan.

Abin da ya sa na rubuta yanzu shi ne, watan jiya na je Matankari. Na daɗe ina kauce wa gidanku, in na zo garin sai in bi ta bayan kasuwa. Wannan karon na tsaya. Balki ta tsufa, Arzika, har ta fara tafiya irin ta Inna. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, muka yi ta hirar mutanen da suka rasu. Sai na tambaye ta abin da ban taɓa iya tambaya ba, ko Inna ta yi ta nemanka a kwanakin ƙarshe.

Ta ce ta tambaya sau biyu. Ranar Asabar kawunku ya fara faɗa, yana cewa wane irin aiki ne wannan da ba a sakin mutum ya ga uwarsa. Sai Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar faɗa. Ɗan Dumega na can wurin manyan. In da hali, da ya turo mini shi."

Balki ta faɗa mini ne don ta sanyaya mini rai. Ba ta san akwai hali ba. Na ajiye ludayin, na faɗa mata duk abin da na rubuta maka a nan. Daga baya ta ce ba ita zan faɗa wa ba, in nemo ka.

To ga shi na faɗa maka. Ba biron ayyuka ne ya hana ka ganin Inna ba, ba tsarin gidan ba ne kuma. Tsarin ya bar ƙofa a buɗe, ni ne na ji tsoron bakin mutane na ƙi shiga. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba.

Akwai kuma saƙon Balki. Ruwan daminar bana ya kayar da bangon gabas na ɗakin Inna. Ta kwashe tasoshin da akwatin ta kai ɗakinta, amma ta hana a taɓa sauran. Ta ce ba za a rushe ba, ba za a kuma gina ba, sai ka zo ka gani da idonka. Maƙwabta sun yi magana, ta ƙi. Ina ganin ba bangon ne damuwarta ba, kai take son gani.

In ka sa rana, ka faɗa mata ta faɗa mini. Ina da tsohuwar mota, tana tafiya. Zan zo Yamai in jira ka a filin jirgi, in ɗauki jakarka, in kawo ka har ƙofar gida. Hanyar tana da tsawo. In ka so mu yi magana, mu yi. In ka so mu yi shiru har Matankari, zan tuƙa kawai.

Allah ya jiƙan Inna Hassi, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya sauke ka lafiya duk inda ka tashi, ya raya maka zuriya. Ya sa mu gana muna da sauran ƙarfi. Amin.

Naka har kullum,
Gado
Dogon Dutsi