Na Wanke Jif ɗin Yayana da Injin Ban Ruwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, ku kuma masu karatu ku sassauta mini, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Bayan an kwashe albasar bana, yayana ya sayi sabuwar jif dal, ko ledar kujeru ba a cire ba, saboda kai Inna asibiti da hidimar gida. Mijin ƙanwarmu, Malam Bello, shi ya je ya zaɓo ta, don ya fi mu sanin mota. Ni aka ba makulli da sharaɗi ɗaya. Yaya ya ce, "Ko albasa guda tash shiga motag ga, ni da kai ne."

Ranar kasuwar Jega Yaya ba ya gari, motar da za ta kwashe mini buhuna daga Aliero ta ƙi zuwa, albasa kuma ta fara laushi. Ga jif a tsaye tana ƙyalli. Wa zai sani? Na kwantar da kujerun baya na loda. Da na dawo, wari ya kama motar kamar rumfar 'yan albasa. Sai na gangara da ita fadama, na tayar da injin ban ruwa, na wanke shimfiɗu, na wanke jikinta, sannan don tsabar iyayi na ɗaga bonet na feshe injin tas, yadda muke wanke babur. Wa ya aike ni?

Tun daga ranar, motar nan ba ta ƙara lafiya ba. Da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi, a hanya tana fizga, ga wata fitila a gaban sitiyari da ta ƙi mutuwa. Har ta mace mana a hanyar Maiyama da rana tsaka, Inna tana ciki tana haɗa gumi. Ta shaƙi iska ta ce, "Ni ko warin albasa nika ji." Na ce ƙamshin sabuwar mota ne.

Bakanike a Jega ya duba ya ce ruwa ya shiga wayoyinta. Masu sayarwa suka ce garantinsu bai shafi ruwa ba. Yaya ya yi tsalle ya dire: motar da ko damina ba ta gani ba, ina ta ga ruwa? Shi ke nan ya yanke cewa wadda ambaliya ta ci ce Bello ya sayo masa aka goge ta. Bello ya yi rantsuwa har da hawaye, Yaya ya kira shi maci amana a gaban mutane. Ƙanwarmu ta daina shigowa gida. Ni kuwa ina gefe ina tsaki, wai ina taya Yaya jin haushi. Wallahi kunyar kaina nake ji.

Ranar Juma'a dattawa za su zauna kan maganar a zauren kawunmu. Yaya ya ce, "Kai ka tuƙa ta, kai za ka hwaɗa musu haka taz zo." In na faɗi gaskiya, na san Yaya, ba zai ƙara ba ni amanar ko allura ba. In na yi shiru, sunan bawan Allah ya ɓaci a garin nan.

Jiya Bello ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Na gode Allah da kai za a tambaya, na san ba ka ƙarya."

Jama'a, jibi ne Juma'a. Me zan yi?