Ina Zargin Ɗana Ya Yaudari Likitan Ƙungiya

Don Allah Nuala ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ɗana Fiachra shekararsa ashirin. Shekara biyu yana rukunin matasa na ƙungiyar wasan zari-ruga ta lardinmu, sai Asabar ɗin nan za a sa shi cikin manya, karo na farko. Har mai naman unguwarmu ya manna hotonsa a taga.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Makon jiya kansa ya bugu a wajen atisaye. Likita ya gwada shi, wai lafiya ƙalau. Ƙalau a ina? Ranar Lahadi sau uku yana tambayata ko na dafa dankali, alhali ga dankalin a gabansa. Hasken kicin ma runtse masa ido yake yi.

Abin da ke cin raina shi ne, a farkon kakar wasa na ji shi a waya yana ƙyalƙyala dariya, wai da gangan ya yi nawa a gwajin ƙwaƙwalwar da ake musu, don in ya bugu daga baya kada a ga bambanci. Wai duk haka suke yi. Babansa, mai alfahari da hancinsa da ya karye sau biyu a filin wasa, ya ce na cika zargi. To har shi nake zargi, ina jin ya sani.

In kira likitan? In na kira, yaron nan ba zai sake kallona ba.

Uwa mai fargaba, daga garin Ennis

*

'Yar'uwa, sannu.

Wataƙila gajiya ce da zumuɗin wasan, wataƙila kuma cika baki ya yi a wayar. Amma ba ke za ki tantance ba, ba babansa ba. Aikin likita ne, shi kuma an ba shi ma'aunin ƙarya.

Kada ki zagaye ɗanki. Zaunar da shi yau, ki faɗa masa abin da kika ji da abin da kika gani. Ki ba shi zuwa Alhamis ya gaya wa likitan da bakinsa, ya kuma san in bai yi ba, ke za ki kira. Ki cika alkawarin. Batun babansa ya jira.

Zai iya rasa wasan nan, wani ma ya gaje gurbinsa, ba zan ɓoye miki ba. Zai yi fushi, wataƙila har Kirsimeti. Ki jure. Na taɓa zama da wata uwa da ɗanta, tsohon ɗan wasa mai shekara arba'in da biyar da ya sha bugun kai, yake tambayarta ko ita wace ce.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙarfafa miki gwiwa.

Nuala