Rariyar da ke Ƙarƙashin Kanta

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Mun tare a tsohon bankin nan na Gusau. Mannir (a nan dai ina iya rubuta sunansa) ya samu aikin kula da ginin, da sharaɗin ya zauna ciki da iyalinsa. Daga titi sak irin gidan da nake karantawa a littattafai: bene, barandar katako, tagogi masu baka, bango mai kaurin gaske. Wani attajirin auduga ya gina shi kusa da tashar jirgin ƙasa, daga baya banki ya shiga, ya tashi ya bar shi. Na shiga da murnata. Ciki kuwa doguwar kanta, ƙarafa, silin. Babu tsakar gida.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ina zan yi shanya? Na tuƙa tuwo a bayan kanta. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, ni ma haka.

Talata, 14 ga Mayu
Zafi. Na buɗe littafi, matar ciki tana shan iska a lambu, na rufe da haushi. Na ce wa Mannir zan tafi Bungudu wajen Inna. Ya ce, "In kin tafi, Hajiya mai ginin za ta ba wani mai iyali aikin." Na sani. Duk da haka na haɗa jaka, tana bayan ƙofa.

Asabar, 18 ga Mayu
Ina wanke daɓen falon da ake bin layi a da, sai ruwan duk ya gangara wuri ɗaya, ƙarƙashin kanta. Na ɗaga wani fasasshen tayil: rariya! Wa ke yin rariya a tsakiyar ɗaki? Na leƙa ta ɓular silin, ga indararo sun juyo ciki.

Juma'a, 24 ga Mayu
Hajiya Shafa'atu, jikar wanda ya gina gidan, ta zo daga Tsafe. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.
"Ɗiyata, ai nan fili ne. Nan kakata ka shanya gero, ga lemun tsami can. 'Yan banki suka ruhe shi."
Na ce to a buɗe mana, Hajiya. Mannir ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.
Hajiya ta ce, "Wanga gida yana cikin na tarihi, ko ƙusa ba a cirewa sai da izini. Amma bari in tambaya."

Laraba, 29 ga Mayu
Ba labari daga Hajiya. Na hau bene, na sauko, na sake hawa. Jaka na nan.

Talata, 4 ga Yuni
Mutumin ofishin tarihi ya zo. Ya ce rufin ƙarin banki ne, ba na asali ba, a cire. Mannir ya hau yana mita wai na jawo masa aiki. Da ya ɗaye kwanon farko haske ya faɗo mini a ka. Ya leƙo ta sama yana dariya: "Amarya, ga lambunki."

Asabar, 8 ga Yuni
An yi ruwa da hantsi. Ya zubo ta indararo, ya bi rariyar kai tsaye kamar bai taɓa mantawa ba. Inna ta kira, wai yaushe zan zo. Na ce tukuna. Ba fasawa na yi ba. Jakar ma zannuwa kawai na ciro na shanya. Kuma ɗan lemun da na dasa jiya, wa zai kula da shi?