Hoton Inna Joda da Ya Ƙi Buɗewa

Zuwa ga Yaya Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Mambila bai takura maka ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu haƙurin rashin kakarmu Inna Joda, ya sa ta huta. Mu nan Herwagana lafiya lau. Baba ya koma shago, tarin Mama ma ya yi sauƙi.

Yaya, na san abin da ke damunka. Ba ka samu jana'iza ba, ga shi hoton da na turo maka mako biyu ke nan ya ƙi buɗewa, tunda sabis ɗin ƙauyenku rubutu kawai yake ɗauka. Da Mama ta ce muryarka ta karye a waya, na kasa cin abinci. Ka san Inna ba ta yarda a ɗauke ta hoto, wannan ɗaya ne tak muke da shi.

Kwana uku ina jin nauyin yi wa Malama Margaret magana, wadda take koya mana kwamfuta. Da na daure na faɗa mata, ta ce hoton ne ya yi nauyi, megabayit shida. Da aka fita hutun ƙarfe tara ta zaunar da ni, ta buɗe manhajar gyaran hoto, ta nuna mini yadda ake rage tsawo da faɗi. Garin zumuɗi na rage shi fiye da kima. Fuskar Inna ta dagule, tsagen nan uku na gefen bakinta suka ɓace, sai hawaye suka zubo mini. Malama ta ce in share idona, shi ya sa ake aiki a kan kwafi, na asalin yana nan. Ta ce maimakon in matse fuskar, in yanke abin da ba ka buƙata. Na yanke katanga da bishiya, har da saniyarta, amma na bar hannunta a kan ƙwarya. Yanzu kilobayit casa'in ne, kuma tsagen suna nan ras.

Akwai abin da kunya ta hana ni faɗa maka. Ranar da na ɗauke ta a gidanta na Kwadon, sau biyu tana kora ta. Da na ce kai zan tura wa, sai ta ce in dai na mijinta ne da ya gudu kan dutse ya bar ta ba ko goro, to in ɗauka, amma ba za ta kalle ni ba. Shi ya sa za ka ga ta kau da kai. Sai dai kafin in danna, ta gyara ɗankwalinta.

Baba da Mama suna gaishe ka, haka Goggo Delu da Hanifa. Na turo hoton tare da wasiƙar nan. Ka hau tudun da kake samun sabis ka gwada. In ya buɗe, ka duba ɗaurin ɗankwalin da kyau, don kai aka yi shi.

Ƙanwarka,
Jannat