Hayaƙin Turken Baba

Tsanyawa, Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya mutanen Rijiyar Zaki? Baba da Inna suna gaishe ki.

Ummi, mutane da yawa idan manhajar AI ta yi shirme sai su ce ba ta da hankali. Kullum ina faɗa wa ɗalibaina cewa sau da yawa laifin na wanda ya rubuta mata bayani ne. To, ga shi ya faɗo kaina.

Kin san tun da Baba ya fara rashin ji sosai nake tsoron gobara, ga rumbun gero a jikin turke. Shi ya sa na saka na'urar jin hayaƙi da zafi, na haɗa ta da manhajar da ke wayata. Kayan aiki uku na ba ta: ta kunna ƙararrawa, ta turo mini saƙo, ko ta rubuta abin a ajiye ta yi shiru. Ita ba ta ganin gidanmu. Ɗan bayanin da na rubuta a ƙarƙashin kowanne take karantawa ta zaɓa. A ƙarƙashin ƙararrawa na rubuta: a yi amfani da wannan idan an ji hayaƙi kusa da rumbu.

Na manta Baba yana tura wa awaki hayaƙin ɗanyar ciyawa kowace yamma saboda sauro. Ni da na tashi ina shaƙar hayaƙin nan! Shekaranjiya ƙararrawa ta ɗauka ana shirin magariba. Maƙwabta suka shigo da bokitai, Malam Fatihu mai shayi ya sheƙa wa Baba ruwa tun daga hula har takalmi kafin ya tambayi ina wutar. Baba ya ce karatuna ya kai inda zai tara masa gari a turke. Ya ba ni zuwa ranar kasuwa, ko in gyara ko ya cire abin da hannunsa.

Zan gyara, insha Allahu. Ki gaishe da ƙawayenki.

Yayanki,
Sha'aban

Tsanyawa, Alhamis.

Ƙanwata Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Kowa lafiya, kada hankalinki ya tashi da abin da zan faɗa.

Na gyara bayanin. Na ƙara cewa hayaƙin turke tsakanin la'asar da isha'i abu ne da aka saba, a rubuta a ajiye kawai. Sannan na yi abin da nake koya wa yara: na tsara misalai talatin, hayaƙin murhun Inna, turaren wuta, ƙonon shara, na ba manhajar ɗaya bayan ɗaya ina duba kayan aikin da za ta ɗauka. Duk talatin ta ci. Har na yi wa Inna alfahari.

Jiya da yamma iska ta ɗauki tartsatsi daga ciyawar Baba ta kai kan harawar da aka jibge a rumfa. Ina makaranta muna darasin yamma. Wayata ba ta ko motsa ba. Inna ce ta ji kukan awaki ya sauya ta leƙa. Rabin harawar ta tafi, kuma da ƙyar aka kashe wutar kafin ta kama jinkar rumbu. Da na buɗe manhajar sai na tarar ta rubuta tsaf: hayaƙin turke, ƙarfe shida saura, abu ne da aka saba.

Wallahi kaina ya ɗaure. Sau biyu ta yi daidai abin da na rubuta, sau biyu kuma abin ya ɓaci. Misalaina talatin ashe duk daga kaina suka fito, babu ko ɗaya da wuta ta tashi a lokacin da na ce ba komai.

Na tambayi Baba yadda shi yake rarrabe hayaƙin sauro da na gobara. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa, ya ce ai ko akuya ta sani. Da na matsa, ya ce na ciyawa yana kwanciya ƙasa, na harawa yana miƙewa. Yaya zan rubuta wannan ga abin da ba shi da ido? Na'urar tana auna zafi, amma zafi nawa? Cikin minti nawa?

Yanzu Baba ya ce in mayar da bayanin farko mai ihun, gara a jiƙa shi kullum da geron shekara ya zama toka. Inna ta ce idan ta sake tara mata maza a tsakar gida tana tsaka da tuƙa tuwo, babu wanda zai ƙara fitowa ko da wutar gaske ce. Ina ganin duk su biyun suna da gaskiya.

Na turo miki bayanan biyu da misalan, har da na jiya. Ke ma ki gwada, ki rubuta naki cikin layi uku, ki ba manhajar ki ga me za ta zaɓa. Kada ki ji nauyin gyara malami. Kafin amsarki ta iso, na daina darasin yamma, ni ne zan zauna a bakin turke da bokiti.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki mai ƙaunarki,
Sha'aban