Gwangwanin Ƙasan Durowa

Litinin, 3 ga Maris
Kwana hamsin da rasuwar matata. 'Yarmu ta ce ranar Asabar za a kwashe ɗakin. Na ce ta bar mini rarraba kayan. Shekara talatin ina tsara ma'ajiyar gidan jarida, ban taɓa rasa inda zan saka takarda ba. Kashi uku: na rabarwa, na ajiyewa, na zubarwa.

Laraba, 5 ga Maris
Gwangwanin madara a ƙasan durowarta. A ciki: maɓallai, murfin biro, tikitin bas, ƙusa, makullin da ban san ƙofarsa ba, guntuwar takarda mai lambar waya. Na baje su a tebur. Ba launi ɗaya, ba amfani ɗaya.
Na taɓa karanta cewa mutum kan haɗa abubuwa ne don sun yi kama, ko don wata bukata ta tara su, kamar abin da za ka sura in gobara ta tashi. Kama dai babu. To wace bukata?

Alhamis, 6 ga Maris
Matar da ko cokula sai ta raba manya da ƙanana. Ba ta tara shara.

Juma'a, 7 ga Maris
'Yata ta ce, "Baba, tarkace ne fa, ka mai da shi bincike." Na sa shi cikin na zubarwa. Na ciro. Na mayar.

Asabar, 8 ga Maris
Ƙanwar marigayiya ta zo taya mu. Ta leƙa gwangwanin, ta yi dariya har da hawaye.
"Yaya, duk karatun nan naka! Kayan aljihunka ne. Duk ranar wanki sai ta lalube. Cewa take, mai tsara jarida guda ya kasa tsara wando ɗaya."
Na sake duba lambar wayar. Rubutuna ne. Makullin kuwa na tsohon ofishina. Lokacin da ya ɓace, kwana biyu na yi ina wa matata faɗa, wai ita ta ɓatar. Sai bayan an sauya kwaɗo ta tsince shi ke nan, a wandona. Ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Talata, 11 ga Maris
An kwashe ɗakin. Gwangwanin yana kan teburina, ban liƙa masa suna ba.
Mai wanki ya zo da safe. Na lalube aljihun wandona da kaina: murfin biro. Na daɗe tsaye da shi a hannu. Kwandon shara yana can bakin ƙofa, gwangwanin ya fi kusa, sai na jefa shi ciki. Dalilin ke nan kawai.