Fistan Motar Baban Sumayya

Litinin, 8 ga Mayu, 2000
Takaba dai ana ci gaba. Ba makaranta, ba kasuwa, sai ni da bango. An raba gado a gaban alƙali. Babbar motar Baban Sumayya, wato abin da ya rage bayan ta kife da shi kusa da Badarawa, ta faɗo a rabona da na yarinyar. Ƙanena Murtala ya janyo injin zuwa garejinsa nan Ƙaura.

Alhamis, 11 ga Mayu
Murtala ya shigo da fistan ɗaya naɗe a tsumma. Ya ce shi ke hawa da sauka cikin inji. Ya kai girman ƙwaryar fura, da rami a kansa inda man dizal ke kamawa da wuta. Wai na ƙaramar motarsa ta haya duk sun ƙone, ba su jure zafi, waɗannan kuwa don wahala aka yi su. Zai kai wa Shehu mai zubin tukwane ya narkar, a zuba ƙanana masu irin ramin nan, sannan ya goge su a injin gugar ƙarfe. Murtala ke nan, tun yana yaro bai bar rediyon gidanmu ta huta ba.
"Yaya, ƙarhe na, ba ya da rai," in ji shi. Na ce ya ɗauka.

Juma'a, 19 ga Mayu
Bayan la'asar na ji motar Baban Sumayya a ƙofar gida. Ita ce. Bugun nan mai nauyi, da ɗan tarin da take yi kafin a kashe ta. Sai da na cika buta na kai bakin zaure na tuna. Murtala ne da 'yar motarsa, yana ta washe baki. Sumayya ta fita da gudu, ta dawo a hankali.

Asabar, 20 ga Mayu
Ban yi barci ba.

Alhamis, 25 ga Mayu
Ranar kasuwar Shinkafi. Murtala ya dawo bai taɓa tuwonsa ba. Da ƙyar ya faɗa: suna isa kwanar Badarawa sitiyari ya ja hagu da kansa, injin ya mutu daidai gindin tsamiyar da babbar motar ta kife. Rana tsaka. Matan da ke kujerar baya suka yi ta salati, suka sauka suka ƙarasa a ƙasa. Ya duba komai lafiya lau. Ya ce cikin motar sai ƙanshin turaren Labbo. Na tsani yadda ya kama sunan mijina haka kai tsaye.

Lahadi, 28 ga Mayu
Liman ya aiko: ƙarfe ba ya riƙe mamaci, a yi sadaka, a daina surutu. Na yi waina na raba. Shehu mai tukwane kuwa cewa ya yi shi bai ƙara narkar da abin da mutum ya mutu a kansa. Ina tsoro. Murtala kaɗai ya rage mini a ɗakinmu.
Amma la'asar na yi na tsinci kaina ina kasa kunne.

Laraba, 31 ga Mayu
Injin ya sake mutuwa a gindin tsamiyar, a Zurmi kuma wai ya ƙi mutuwa, an zare makulli yana ta bugu. Murtala ya tsuguna bakin ɗakina, ya rame.
"Yaya, kayanki na. In kin ce in hidda su, yau ni ka hidda su, in bizne."
Na daɗe ina kallon tabarma. Na ce kuɗin... a'a, ban kawo wani dalili ba. Cewa kawai na yi ya bar su tukuna.
Ya dube ni, ya ce to.

Alhamis, 1 ga Yuni
Ya tafi Shinkafi da safe.
La'asar ta yi, motar ta zo. Bugun, tarin, sannan shiru. Na jira sallama, ba a yi ba. Sumayya ta leƙa ta ce ba kowa a ƙofa, ko sawun taya babu.
An kira magariba, Murtala bai dawo ba. Ban aika tasha a tambaya ba.
Butar da na cika ɗazu tana bakin zaure. Ruwan ya ragu.